Harakeke: tsiron da na tarar a Nuzilan lokacin zaman jegon ƙanwata

Ƙanwata ce ta haihu a Nuzilan, haihuwar fari, mijinta yana karatun digiri na uku a jami'ar Massey dake garin Palmerston North, ga shi babu kowa nasu a can. Hajiyarmu ba zata iya zaman jirgi ba saboda ciwon ƙafa, shine aka yanke ni zan je in yi mata zaman jego. Ni malamar gona ce, shekaru na ina yawo ƙauyuka kan rama da zogale da kayan lambu, don haka tun kafin a samu biza mijin nata ya turo min hoton wani tsiro mai dogayen ganye yace Yaya ga ramar mutanen nan, igiya suke yi da ita kuma naji ance ana ci. Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har na hau jirgi.

Na tashi daga Kano ƙarshen Disamba 2024 ana tsakiyar hazo, muka bi ta Abuja zuwa Doha, daga Doha kuma zaman wajen awa 16 ba sauka har Okland, ƙafafuna duk suka kumbura. Kuɗin tikiti kam miliyoyi ne, haɗa hannu akayi a gida, banda kuɗin biza da wata dala 100 ta ƙasar da suke karɓa hannun baƙi don kula da dazuzzuka da wuraren yawon buɗe ido. Dalarsu a lokacin ta kusa naira 900.

Shinge ɗaya na gani a duk tafiyar, kuma a filin jirgin Okland ne, ba kuɗi suke nema ba abinci da ƙasa da iri suke nema. Tun kafin ka sauka zaka cike takarda ka faɗi duk abinda ka ɗauko, in ka ɓoye ko lemo ɗaya ne kare ya shinshino shi tarar dala 400 ce nan take a lokacin. Ni kuwa jakata guda kayan jego ne zalla, kanwa, yaji, kuka, daddawa, kilishi, zuma, da gero tsaba na kunu. Na faɗi komai ban rage ba. Wata jami'a ta baje su kan tebur tana tambaya ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, ta ɗauke kilishi da zuma da geron, ta bar min waɗanda aka riga aka daka. Geron ne yafi min ciwo don Hajiya da hannunta ta gyara shi, amma a matsayina na mai aikin gona nasan gaskiyarsu ce, tsibiri ne, ƙwaro ɗaya ko cuta ɗaya in ta shiga ba mai iya fitar da ita. Da nace ina shiga gonaki sai suka karɓi takalmina suka wanke ƙasansa tas suka dawo min dashi a leda.

Mijin ƙanwata ya tarbeni muka kwana a wani ƙaramin masauki kusa da filin jirgi, dala 150 ɗaki. Da na tashi yin sallah na tambayeshi ina gabas, yace Yaya nan yamma ake kallo. Na tsaya jim, mu da a bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce. Ga lokaci ya juye daidai awa 12, ƙarfe 8 na safe a can 8 na dare a Kano, ga bazara ce a wurinsu rana bata faɗuwa sai wajen 9 na dare, kuma da tsakar rana ta arewa take bi.

Washegari muka hau bas, awa 9 zuwa Palmerston North, ta Hamilton da bakin tafkin Taupo da wata hanya da suke kira ta hamada inda ake hango dutsen Ruapehu da sauran ƙanƙara a kansa. Ba wanda ya tsayar damu ko sau ɗaya. Tun bamu yi nisa ba na fara ganin tsiron, bakin titi, bakin rafi, cikin fadama, gefen shingen tumaki, har tsakiyar shataletale. Ganyen kamar takobi, ya fito daga ƙasa a jere kamar mafici, wani yafi tsayin mutum nesa don yana kai mita 3, daga tsakiya kuma wani baƙin kara ya miƙe sama ya wuce ganyen yana ɗauke da jajayen furanni masu duhu. Sam bai yi kama da rama ba, yafi kama da kaba ko moda da ta samu ruwa ta ƙoshi. Sunansa harakeke a bakin Mawori, asalin mutanen ƙasar.

Sati biyun farko ban leƙa ko'ina ba, ruwan zafi, kunun kanwa da garin da muka samu a shagon 'yan Indiya, farfesun rago, rainon dare. Naman halal ba wuya a can, akwai mahauta kuma ragon nasu akwai mai. Abinda ya haɗani da tsiron kai tsaye shine gadon jaririn. Wani kwando ne saƙaƙƙe mai faɗi, gefensa a tsaye, da 'yar katifa a ciki, ana ɗora shi kan gadon uwa yaro na ciki, yana kusa da nono amma ba yadda za'ayi a danne shi cikin barci. Wahakura suke ce masa, an fara yaɗa shi wajen 2006 a yankin Gisborne saboda yawan mutuwar jarirai cikin barci a gidajen Mawori, maimakon a ce musu su daina kwana da 'ya'yansu sai aka koma ga saƙar iyayensu aka samo mafita. Na daɗe ina juya kwandon nan a hannu, ina tuna labaran danne jariri da muke ji a ƙauyuka ana cewa kwana ne ya ƙare, alhali masu saƙar kaba na nan birjik.

Maƙwabciyarsu ce ta saƙa shi, wata dattijuwa Bamawora da zata kai shekara 70, kowa na ce mata Whaea, ana furtawa Faya, kamar dai muce Inna ko Gwaggo. Ni Inna na dinga ce mata ta kuma karɓa. Bayan gidanta akwai gindi 12 na harakeke a jere, pa harakeke suke kiran irin wannan lambun, kuma kowane gindi da sunansa. Ranar da na fara shiga na faɗa mata nazo ne inga yadda ake cinsa, tayi murmushi tace ɗiyata zo gobe da sassafe kafin tsuntsaye su rigamu.

Da asuba bayan sallah na tsallaka. Tsuntsayen kuwa sun rigamu, wasu baƙaƙe masu sheƙi da farin gashi ƙulli biyu a maƙogwaro, tui sunansu, bakinsu a lanƙwashe daidai lanƙwasar furen kamar an auna, goshinsu duk yayi ruwan lemo da garin fure. Inna ta kamo karan ta sunkuyo dashi a hankali ta kara kofi tana ɗan bubbuga furen da yatsa, ruwa na ɗigowa. Tace kakanninta da duma suke tara shi, kuma duman nan namu ne na ƙwarya da gora, hue suke ce masa, da shi suka zo tsibirin cikin kwale-kwale. Mun fi minti 20 kafin mu tara abinda bai wuce cokali 3 ba. Na kurɓa, ruwa ne tsararo mai sanyi, zaƙinsa bai kai zuma ba, akwai ɗan ƙamshin ɗanyen ganye a bayansa, nan take na tuna jan tuntun ɗorawa da muke tsotsa muna yara. Tace da shi ake zaƙa abinci a da tunda basu da rake basu da ƙudan zuma sai da Turawa suka kawo. Na tambayeta ko yana tsami ya zama abin maye, tace in ya kwana cikin zafi yana yi, har tsuntsayen ma akan ga suna tangaɗi, shi yasa nawa duk na safe nake sha a take.

Toh a nan ne na gane maganar mijin ƙanwata rabi ce. Ganyen ba'a cinsa ko kaɗan, na ɗan taɓa a harshe ɗaci ne mai kama maƙogwaro, saiwar kuwa maganin wankin ciki ce mai ƙarfi, ba abin wasa ba, Inna ta ja min kunne sosai akanta. A gindin ganyen akwai wani ƙaro mai yauƙi da suke shafawa a ƙuna da rauni, kuma ba mamaki don dangi ɗaya suke da alobera. Ramarmu ka ci ganye da ƙuli ka jiƙa kara ka fidda igiya, ta fi shi ciyar da mutum nesa ba kusa ba. Abin ci a harakeke biyu ne kacal, ruwan furen da 'ya'yan.

'Ya'yan sai da na jira. Wajen tsakiyar Janairu furen ya zube, kwanso ya fito a tsaitsaye kamar siririyar kuɓewa mai duhu. Inna ta fasa min ɗanye, 'ya'yan a jere farare masu laushi, na tauna naji kamar ɗanyar gyaɗa sabuwar tona da ɗan zaƙi. Zuwa Fabrairu kwanson ya bushe ya fara tsagewa da kansa, 'ya'yan sun koma baƙaƙe masu ƙyalli, falan-falan kamar takarda, iska kaɗan ta kwashe su. Muka karkaɗe su a takarda, muka sheƙe, ta soya sama-sama a kasko ba mai, ta barbaɗa kan wani burodinsu mai tsami da ake tada shi da ruwan dankalin turawa, rewena. Ɗanɗanon na kusa da soyayyen riɗi amma da ɗan ɗaci a ƙarshe, kuma ɓawon yafi ƙwayar yawa. Akwai mai a ciki, har ana matsa shi a sa a man shafawa, kuma Turawan farko sun riƙa ƙona 'ya'yan su niƙa su sha a madadin kofi. Ni dai na daka nawa da gishiri da barkono da citta nayi ɗan yaji, muka ci da gasasshen dankalin Hausa da suke kira kumara, Inna tasha ruwa kofi biyu amma ta nemi in bar mata sauran.

Abinda ya riƙe ni a lambun nan har na dinga komawa kullum bayan na gama da mai jego shine yadda take yanka. Kafin ta sa wuƙa sai ta tsaya tayi addu'arta, ni kuma in yi bismillah. Ta buɗe maficin ganye ɗaya ta nuna min, na tsakiya ɗan ƙarami mai taushi shine rito, jariri kenan, biyun dake rungume dashi dama da hagu uwa da uba ne, na waje kuma kakanni. Kakanni kawai ake yanka. Ukun tsakiya ba'a taɓa su ko da kuwa saƙa zata tsaya. Yankan ma a karkace ake yi, daga ciki zuwa waje ana gangarawa ƙasa can kusa da gindi, don ruwan sama ya zirare waje kar ya taru a zuciyar tsiron ya ruɓar da ita. Ba'a yanka ana ruwa, ba'a yanka da dare, mai ciki da mai al'ada basa yanka, ba'a ci abinci a wurin saƙa, ba'a tsallaka ganyen in yana ƙasa. Wasu dokokin na addininsu ne na barsu a wurinsu, amma na yankan kam ilimin gona ne tsantsa, duk abinda zan koyar a aji kan kare tsiro daga ruɓa da barin ganyen da zai ciyar da saiwa yana ciki, sai dai su sun sa shi cikin maganar iyali yadda yaro ɗan shekara 5 zai riƙe.

Ina tsugune a wurin kaba ce ta dinga faɗo min. Kakata ta wajen uwa a ƙasar Daura da tabarma da faifai ta aurar da 'ya'yanta, kuma na san yadda ake yi wa kaba, duk wanda ya fara isa ya sheme ta har tsakiya don sabon ganyen yafi laushi yafi kuɗi, shi yasa zaka ga fili guda kaba ce a durƙushe shekara da shekaru ba ɗaya da ta samu ta miƙe ta zama goruba. Har a Gulbin Kaba can ƙasar Maraɗi da aka sa wa kwarin sunanta kukan da ake yi kenan. Ba wai mutanenmu basu sani bane, talauci ne da kuma cewa daji na kowa ne, in ka bari wani zai yanke. Ita Inna nata a bayan gida yake, ta san wanda ya bata kowane gindi.

Dashen ma ta nuna min duk da tace ba lokacinsa bane sai sanyi ya fara shigowa ƙasa ta jiƙe. Basu cika shuka iri ba, don ɗan da ya fito daga iri ba lallai ya gaji uwar ba, kuma sai ya sha sanyi kafin ya tsiro da kyau. Ɓantarowa ake yi, mafici ɗaya da saiwarsa daga gefen babban gindi, a datse ganyen waje a bar na tsakiya, a dasa a juya cikinsa yana kallon rana, a bar taki 2 zuwa 3 tsakani don yana buɗewa. Sai shekara 3 ko 4 kafin a fara yanka. Fadama yafi so amma yana jure iska da gishirin teku da sanyi. Akwai ɗan uwansa na kan duwatsu, wharariki, shi kwansonsa a murɗe yake yana reto ƙasa kuma zarensa bai kai ba.

Zaren kuwa, muka suke ce masa. Ta tsaga ganye, ta ɗan zana shi da wuƙa a baya ba tare da ta yanke ba, ta ɗauko ɓawon wani naman ruwa irin makankarin bakin kogi ta ja sau ɗaya, sai ga farin zare mai sheƙi kamar alharini ya fito. Ta murza a cinya ya zama igiya, daidai yadda tsofaffinmu ke tufka rama. Ni sai da na ɓata ganye 6 kafin ɗaya ya fito. Ƙaramin kwandon da na fara saƙawa tace ba'a riƙe na farko kyauta ake bayarwa, na baiwa ƙanwata tana zuba kayan jariri.

Wata Asabar mijin ƙanwata ya kaini Foxton, tafiyar minti 30 da ɗori, ƙaramin gari a bakin kogin Manawatu wanda da harakeke aka gina shi. Akwai ɗan gidan tarihi da suka ajiye injin fidda zare yana aiki har yanzu, wani dattijo Bature ya kunna mana ya cusa ganye, ƙarar kamar ihu sai da na toshe kunne, cikin ƙiftawar ido zare ya fito ta ɗaya gefen. Yace mai hannu bai wuce kilo 1 a yini ba, injin farko na shekarun 1860 yana yin wajen kilo 250. Tun kafin injin ma, a shekarun 1820 da 1830, jiragen Turawa na zuwa sayen zaren don igiyar jirgin ruwa suna biya da bindigogi, ƙabilu suka bar ƙauyukansu na tudu suka tare a fadamu suna kankara dare da rana. Daga baya masana'antu suka cika yankin, mafi girma itace Miranui kusa da Shannon da aka buɗe a 1907. Injin baya sanin jariri da kaka, gindin gaba ɗaya ake shemewa. Sai cutar rawayar ganye da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa ta shigo, aka zuƙe fadamu aka maida su makiyayar shanu, zaren roba ya zo ya ƙarasa sauran, masana'anta ta ƙarshe ta rufe a 1985. Da na kwatanta zaren injin da na Inna, na injin kaushi ne da shi kamar buhun gyaɗa. A can na kuma ji cewa sunan da Turawa suka sa masa aro ne daga wani tsiron zare na ƙasarsu wanda basu haɗa dangi ba ko kaɗan. Muka ci soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin takarda a bakin teku, dala 12 kowa, muka juyo.

Bayan anyi arba'in mai jego ta miƙe, sai suka ce bazan koma ban ga tsibirin kudu ba, don ƙasar manyan tsibirai biyu ce kuma mu a na arewa muke. Mota zuwa Welintin awa 2, daga nan jirgin ruwa awa 3 da rabi zuwa Picton, na biya dala 75. Ban taɓa hawa teku ba, tsakiyar mashigin Cook jirgin ya dinga tashi yana faɗuwa, amai har sau uku, wata mata da ban sani ba ta zauna kusa dani tana bani alewar citta tana riƙe min jaka har muka shiga tsakanin duwatsu ruwa ya kwanta. Hanyar Kaikoura teku a hagu dutse a dama, mun kwana a Christchurch gidan wani ɗalibi ɗan Sudan da matarsa, da taji ni Bahausa ce tace kakarta ma daga Kano take, ta gaisheni da sannu da zuwa, iyakar abinda ya rage mata kenan na harshen.

Juma'a muka yi a masallacin Al Noor dake kallon filin Hagley, inda aka buɗe wa masallata wuta ranar 15 ga Maris 2019, mutum 51 suka rasu a masallatai biyu. A sahun mata akwai wadda ke tafiya da sanda, ban tambayeta komai ba, mun dai riƙe hannun juna bayan sallama mun daɗe. Allah ya jiƙansu ya karɓi shahadarsu.

Abinda ya kaini kudun shine Lincoln, ƙaramin gari kusa da Christchurch, inda cibiyar bincike ta Manaaki Whenua ke riƙe da tarin irin harakeke na ƙasa. Wata mata ce ta fara shi, Rene Orchiston ta Gisborne, tun shekarun 1950 ta lura masu saƙa na amfani da ganye mara kyau don nagarin na ɓacewa, sai ta dinga bin ƙauyukan Mawori tana tambayar tsofaffi sunan kowane iri da aikinsa, tana karɓar ɓantare tana dasawa a gonarta tana rubutawa, har ta tara wajen iri 50, daga baya ta miƙa wa ƙasa. Yau masu saƙa da makarantu na nema a basu ɓantare su dasa. Na bi layin ina karanta alluna, Kohunga mai zare mai laushi na manyan mayafai, Paoa da ke bushewa ya koma rawaya ana jakunkuna da shi, Ngaro, Oue, Makaweroa. A ido na duk kusan ɗaya ne, sai ka lanƙwasa ganyen ka ji wani na tsayawa wani na kwantawa, wani gefensa baƙi wani ja. Shekarata nawa ina aikin rama, nasan fara nasan ja nasan mai tsagaggen ganye, amma ban taɓa zama da tsohuwa na tambayeta wacce tafi igiyar guga wacce tafi kwaɗo na rubuta ba, kullum mu ne masu kawo sabon iri a leda. Wannan ya dameni sosai a hanyar dawowa kuma har yanzu yana damuna.

Ban ɗauko iri ba ko ƙwaya ɗaya. Zafin Afrilu na Kano ba zai barshi ba, kuma inda ya samu wuri kamar tsibirin Saint Helena da aka kai shi don zare ya mamaye tsaunuka ya kashe na gida, ni da aka wanke wa takalmi bazan zo in yi akasin haka ba. Inna ta bani jakar harakeke da ta saƙa, kete suke ce mata, da ɗan ƙullin zaren muka, ni kuma na bar mata faifan da na zo dashi da sauran yaji. Da zamu rabu ta haɗa goshinta da hancinta da nawa irin gaisuwarsu, muka yi kuka mu biyu. Daga Okland zuwa Doha zuwa Kano barci nayi yawanci, na sauka saura kwana kaɗan azumi.

Satin da ya wuce naje ƙauye gaida Gwaggo, ƙanwar kakata da ta rage tana saƙa, na miƙa mata jakar ban ce komai ba. Ta juya ta ciki, ta bi da yatsa har ta gano inda aka fara da inda aka rufe baki, ta shinshina, ta ja hannun jakar da ƙarfi taga bai motsa ba. Tace wannan ba kaba bace, kuma wadda tayi ta ba yarinya bace, ɗanye aka saƙa ko sai da ya sha iska? Nace ana kankare shi ya yi laushi ya ɗan sha iska tukuna. Na bata labarin jariri da iyaye da kakanni, tace ai su ma da can uwarsu bata barinsu su cire na tsakiya, yanzu ne yara ke yi saboda masu saye daga birni. Na fiddo littafi daga jaka nace Gwaggo faɗa min kaba kala nawa kika sani da inda kowace take fitowa, tace in bari ta idar da la'asar, kuma in aika a kira maƙwabciyarta don ita tafi ta sanin na rama.